Wadda Ta Riƙe Eriya

Masu bibiyata, sannunku da haƙuri. Masu zagina a akwatin saƙo ku ma ina gaishe ku, musamman baiwar Allahn nan da ta rubuto mini cewa, "Iyayi ne ya yi miki yawa, ki auri bawan Allah ki huta." Na gode 'yar'uwa, ke da Mamata bakinku ɗaya. Wanda kuma yau ne ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da tara, ina aiki a shagon tabarau, ina wuni ina gwada idon mutane, kuma akwai wani injiniyan sadarwa da ya ce duk duniya ni ya gani. Gidanmu kaf sun amince, har kyanwarmu ta fara kwanciya a kan takalminsa. Ni kaɗai ce ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yau zan faɗa muku dalili, kuma mai dariya ya yi abarsa, don ni ma da wata ce ta ba ni labarin sai na riƙe ciki.

Dalilin katun ne.

E, katun. Irin na yara. Ku bar zaro ido, ku dai saurara.

Lokacin ina 'yar shekara tara, a gidan haya muke, mai ɗaki takwas da famfo ɗaya. Mu ne a ɗaki na shida. Duk gidan talabijin ɗaya ce, a falon mai gida, wata mai ƙatuwar ƙeya da ake lulluɓe ta da farin leshi, a ɗora mata furen roba a ka. Duk ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma ake sako wani katun na Japanawa, kuma tun ƙarfe uku za ka ga yaran gidan da na maƙwabta sun yi wanka ba tare da an doke su ba, sun jera takalma a ƙofar falon. Ba wanda ya san ainihin sunan shirin a cikinmu. Mu dai Mai Buta muke ce masa, saboda wani yaro ne mai idanu kamar faranti, gashinsa a tsattsaye, yana hawa wata buta mai tashi sama yana neman ƙanwarsa da wata ƙatuwar kaguwar ƙarfe ta haɗiye. Kashi hamsin da biyu, shekara guda cur, yaro yana neman ƙanwa. In ya daka tsalle yau, sai wani satin zai sauko.

Shi kuwa mai falon, wato ɗan mai gida, shekararsa goma sha biyu a lokacin, kuma Mai Rimot muke kiransa. Ku lura, talabijin ɗin ba ta da rimot. Wani mataccen rimot ne ya tsinto ko batir babu a ciki, yake riƙe da shi kamar sandar mulki. In ya nuna talabijin da shi ya ce "ƙara murya," wanda ya fi kusa ne zai tashi ya murɗa. Shi ke cewa wane ya zauna gaba, wane ya koma baya, wane ya fita ya wanko ƙafa. Shi ne kuma tafinta, don makarantar kuɗi yake zuwa. Yaron katun zai yi Turancin hanci na minti biyu, sai Mai Rimot ya juyo ya ce, "Ya ce zai ci ubansu." Mu kuwa mu ce, "Kai!"

Kashi uku na farko a ciki na kalla, a layi na biyu, kusa da Yayata. A sati na huɗu ne hoton ya fara abin da muke kira shinkafa, fari da baƙi suna tsalle, ga shuuu kamar ana suya. Eriyar a bayan falon take, an ɗaure ta a kan wani dogon bututun ƙarfe dab da taga. Aka tura wannan ya juya, bai yi ba. Aka tura wancan, ya ƙara lalata ta. Ni kuma da shegen rawar kai na ce bari in gwada. Ina kama ƙarfen nan, sai na ji falon ya ɗauki ihu.

"Ya yi! Ya yi! Kada ki motsa!"

Na saki don in dawo, shinkafa ta dawo. Na kama, hoto ya fito tar. Aka gwada hannun yara biyar, ba wanda talabijin ɗin ta yarda da shi sai ni. Mai Rimot ya leƙo ta taga ya ce, "Hannunki na da sa'a. Ki riƙe na yau kawai, in an gama zan ba ki labari."

Na yau kawai. Jama'a, kashi arba'in da tara na riƙe.

Za ku ce me ya hana ni ƙi? Na gwada a sati na shida, sai matar mai gida ta aiko a tambayi Mama ko lafiya. Mama ta ja kunnena har sai da na ga taurari, ta ce ɗan haya ba ya fushi da falon mai gida. Baba kuwa tubali kawai ya ɗauko ya ajiye mini a gindin ƙarfen don in riƙa hawa, hannuna ya daina sagewa. Kuma tunda na ce yau zan faɗi gaskiya, to ga sauranta: ina jin daɗin yadda yara ashirin ba sa iya komai sai na iso. Ina kuma jin daɗin yadda yake cewa, "Ina take? A nemo ta."

Talabijin ɗin a jikin tagar take, ta ba ni baya. Abin da nake gani daga kan tubalina shi ne ƙeyarta mai ƙura da wayoyi, sai kuma fuskoki ashirin da haske ke wasa a kansu. Ta fuskokin nan na kalli Mai Buta. In baki ya buɗe, an kama shi. In Yaya ta rufe ido da tafin hannu, kaguwa ta fito. Amma fuskar da na fi karantawa ita ce ta Mai Rimot, don shi ne a tsakiya a kan kujerar babansa. Na san in bai gane Turancin ba sai ya taune leɓensa na ƙasa kafin ya shirga mana ƙarya. Na san ranar da kakan yaron ya mutu ya yi kuka, ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa a ido. Shekara guda ina kallon fuskar mutum ɗaya duk Asabar, to ku da kanku ku faɗi abin da zai faru da zuciyar yarinya.

Ana saura sati ɗaya a gama, ya same ni a bakin famfo ya ce, "Na ƙarshe ke za ki zauna a kujerar Baba. Ni zan riƙe. Wallahi."

Duk satin ban yi barcin kirki ba. Ranar na saka rigata mai ɗigo-ɗigo ja, na shafa mai har goshina yana ƙyalli, na zo tun ƙarfe uku. Ya fita ya kama ƙarfen, shinkafa. Ya juya, shinkafa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya dawo yana kaɗe hannu.

"Kin gani, ba ya yi da hannuna. Yi haƙuri. Zan ba ki labari."

Na hau tubalina da jar rigata. Na riƙe har aka zo inda na ji kiɗan ya canza, na ga bakuna ashirin sun buɗe lokaci ɗaya, na ga Mai Rimot ya zamo daga kujera ya durƙusa a ƙasa. Na san yaro ya iso bakin kaguwa, ya kama ƙofar cikinta zai buɗe. Sai na kama ƙarfen nan da hannu biyu na murɗa shi iya ƙarfina, har eriyar ta kalli gidan bayanmu, na sauka na yi tafiyata ɗakinmu. Ina jin ihunsa har can: "Juya! Juya! Ke, juya!" Kafin su daidaita ta an fara labaran ƙasa. Tashar ba ta taɓa maimaita shirin ba. Na sha duka a wurin Mama, wata biyu bayan nan muka tashi daga gidan, kuma ban sake ganinsa ba sai bana.

Ranar wata Laraba ce ya shigo shagonmu. Dogo, gemu a gyare, kwat mai ruwan toka, ƙamshin turare har bakin titi. Ya zauna a kujerar gwaji, na nuna masa allon haruffa, ya karanta layi huɗu, a na biyar ya tsaya ya taune leɓensa na ƙasa. Gabana ya faɗi. Na kalli ƙirjinsa, sai ga shi a ƙarƙashin kwat ɗin riga ce mai hoton yaro a kan buta. Mutum mai shekara talatin da biyu!

Na ce, "Har yanzu in ba ka gane abu ba sai ka taune leɓe kafin ka yi ƙarya?"

Ya cire ƙarfen gwajin daga fuskarsa. "Kin san ni ne?"

"Ɗaki na shida, kusa da famfo."

"Allahu Akbar! Ke ce? Ke ce muka yi kallon Mai Buta tare!"

Tare. Na haɗiye kalmar da ƙyar, na ce masa idonsa na hagu ya fi na dama rauni.

Daga nan abu ya tafi yadda kuka sani. Ya karɓi lamba, ya zo gaishe da su Mama da kwalin lemo, Mama ta gane shi tun daga bakin ƙofa ta rasa inda za ta saka shi. Ɗan mai gida a falonta! Kofunan da ke cikin kabad tun aurenta, waɗanda ko mu ba mu taɓa shan ruwa da su ba, ranar suka ga rana. Kuma ba zan yi masa sharri ba, mutumin kirki ne. Ba ya ƙarya yanzu sai kaɗan. Ya gyara wa Baba rediyo, yana kirana in na tashi daga aiki ya ji ko na isa gida. Matsalarsa ɗaya: yana da shafi a intanet inda yake tara tsofaffin yara irinsa suna kukan katun ɗin da. Mutum dubu arba'in, masu gemu da masu jikoki, suna rubuta "Wayyo ƙuruciya." In ka ce katun sai ya gyara maka zama ya ce, "Ba katun ba ne, anime ne." To sannu, malamin buta.

Saƙonninsa kuwa, ga samfuri:

"Barka da safiya gimbiya. Kin tuna kashi na 17 da butar ta huje a kan teku? 😭"

Ni: "Hmm."

"Kin tuna yadda kika rufe ido da kaguwar ta fito? Tun ranar na san ke ce."

Wannan Yaya ce. Yayata mai 'ya'ya uku da cikin na huɗu. Na tura mata saƙon, ta turo mini saƙon murya na minti ɗaya da babu komai a ciki sai dariya da tari.

Mutumin nan ya tuna sunan dokin mugun sarki. Ya tuna waƙar tallan sabulun da ake sakawa a tsakiya, yana rera ta a mota. Ya tuna furen robar da ke kan talabijin, har kalarsa. Sai wata rana muna zaune a mota a ƙofar gida na daure na ce, "Wai eriyar nan taku, yaya aka yi take tsayawa daidai?"

Ya ce, "Ai Baba ne ya ɗaure ta da waya. Ƙarfe mai kyau ne, irin na da."

"Ranar na ƙarshe fa? Me ya faru?"

Ya dafe kai. "Kada ki tuna mini. Iska ce ta taso. Wata muguwar iska. Ai na rubuta a shafina, ba ki gani ba? 'Ranar Da Iska Ta Cuce Mu.' Mutum dubu tara suka so shi."

Jama'a, na yi zaton zan yi dariya, sai na ji hawaye na neman zubo mini. Shekara guda a rana, ya manta, na ce to yaro ne. Amma har laifina ma bai tuna ba. Abu mafi girma da na taɓa aikatawa a rayuwata, na sha duka a kansa, mutumin nan ya ɗauka ya ba iska. Kuma wai injiniyan sadarwa ne, aikinsa ke nan hawa dogayen ƙarafa yana daidaita eriya.

Na shiga gida na tarar da Mama tana guga. Na faɗa mata. Ta ajiye dutsen gugar a tsaye ta kalle ni.

"To sai me? Allah Ya rufa miki asiri ya manta, ke kuma kina neman tono? Kada ki kuskura ki tuna masa. Kin ji ni ko?"

"Mama, bai san ni ba fa. Yaya ce yake tunawa."

"Yayarki ta yi aure, ke ce a gabansa. Ƙawayenki nawa suka rage? Wadda kuka yi makaranta tare 'yarta ta shiga aji uku. Namiji ya zo da mota da aiki da ladabi, ke kina maganar ƙarfe? Manyansa sun ce sati mai zuwa za su zo, Babanki yana jiran amsarki ranar Asabar. Ki ce e, ki bar ni in ɗaga kaina a cikin mutane."

Ni dai a raina na riga na yanke: mutumin da bai ga wadda ke bayan talabijin ba, ba zan shiga gidansa ba, don na san inda zai ajiye ni.

Da yammar Alhamis sai ga saƙo da manyan haruffa:

"NA SAMO SHI!!! Kashi na 52! A wani tsohon shafi, ba ya saukuwa, sai dai a kalla kai tsaye. Sati uku ke nan da na gan shi, wallahi ban buɗe ba. Na ce sai tare da ke. Asabar ƙarfe huɗu, a falonku, gaban su Mama. In an gama ina da tambaya 💍"

Sati uku yana riƙe da abin da ya jira shekara ashirin. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya taɓa ni. Na kwanta ina kallon silin ina cewa, ke ma dai kin cika riƙo, mutum ya yi miki wannan, me kuma kike so? Har na fara tunanin ko in bi maganar Mama in haɗiye.

Ranar Asabar Mama ta sa aka wanke labule, aka canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan zuma, aka fesa turaren ɗaki har kyanwa ta yi atishawa ta fita. Ta fito mini da doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya. Na mayar da ita kabad, na saka ja mai ɗigo-ɗigo da na saya ranar Juma'a, na yafa farin mayafi. Yaya, wadda ta zo tun azahar wai ita ma sai ta ga ƙarshen Mai Buta, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Lallai yau akwai kallo biyu." Baba yana kujerarsa ta kusurwa da jarida, kamar ba ya gidan.

Huɗu saura kwata ya iso, cikin farar riga mai dogon hannu an goge ta har tana ɗaukar ido, da kwalin biskit, da wani ɗan akwati da ya kumbura aljihun wandonsa. Ya gaishe da kowa, ya durƙusa gaban talabijin ɗinmu ya haɗa ta da wayarsa. Ya zauna a kujerar tsakiya, ya ɗauki rimot, na zauna a gefensa. Kiɗan farko ya tashi, kiɗan da na sani fiye da kowa a duniya don shi kaɗai nake samu, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ga yaron, ga butar. Ashe butar shuɗiya ce. Talabijin ɗin mai gida ba ta da kala, hoton rigarsa ma baƙi da fari ne, ni kuwa duk shekarun nan ja nake ganinta a raina.

Minti biyu, hoto ya tsaya. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa a kan hancin yaron.

Falonmu ba ya da sabis, kowa a gidan ya sani. Wuri ɗaya ake samu, bakin tagar da talabijin ta jingina da ita. Ya tashi ya kai wayar wurin, hoto ya tafi. Ya ajiye ta a kan dakalin tagar, ya tsaya. Ya ɗaga sama, ya tafi. Ya yi tsaki, ya waiwayo, idonsa a kan talabijin, ko kallona bai yi ba ya miƙo mini wayar.

"Gimbiya, ɗan riƙe mana nan, minti ashirin ne kawai. Ɗaga sama kaɗan. In wani abu ya wuce ki zan ba ki labari."

Yaya ta tsaya da biskit a baki. Jaridar Baba ta sauko kaɗan. Mama ta zuba mini wani kallo da ke cewa, in kin isa ki yi magana.

Na tashi na karɓa. Na shiga lungun da ke tsakanin talabijin da taga, na ɗaga hannu. Ga ƙeyar talabijin, ga wayoyi, ga ƙurar da Mama ta manta ba ta goge ba, ga fuskarsa a tsakiya haske yana wasa a kanta. Shekara ashirin, digiri ɗaya, aiki, albashi, jar riga sabuwa, kuma ga ni a inda ya bar ni. Na tsaya ina kallonsa yana murmushi, yana taune leɓe, yana cewa Mama, "Nan cewa ya yi zai rama." Na jira. Na san wurin, kunnena bai manta ba. Kiɗan ya canza, bakinsa ya buɗe, ya zamo daga kujera ya durƙusa a kan kafet.

Na sa babban yatsa na kashe datar.

"Juya! Juya! Ke, ju..."

Maganar ta maƙale masa. Wayar hannu ce, babu abin juyawa a jikinta. Ya tsaya a durƙushe da rimot a hannu, yana kallona ta saman talabijin, ni da jar rigata da hannuna a sama. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don na fi kowa iya karanta fuskar nan.

Na ce, "Sannu. Ni ce iskar."

Mama ta yi wata 'yar dariya. "Wasa take yi, ka san ta da barkwanci. Ke, kunna masa mana!"

"Ba wasa nake ba, Mama. Babansa bai ɗaure komai da waya ba. Ni ce wayar. Kashi uku na gani, arba'in da tara na riƙe, a kan tubalin da Baba ya sa mini. Ranar ƙarshe ka rantse za ka riƙe, ka yi minti ɗaya ka dawo. Ni na murɗa ta, kuma da za a maimaita sai na ƙara murɗawa."

Ya ce a hankali, "Amma... ai kina kusa da ni. Kina rufe ido."

Yaya ta ɗaga hannu da guntun biskit. "Ni ce nan, ƙanina. Yi haƙuri."

Na fito daga lungun na ajiye masa wayar a tafin hannu. "Ka ce kana da tambaya. Ni ma ina da ita, kuma tawa ta riga taka da shekara ashirin. Wa zai riƙe?"

Ya kalli talabijin, inda yaron ya daskare da hannu a kan ƙofar cikin kaguwa. Ya kalli wayar. Ya kalle ni. Sai ya miƙe, ya ajiye rimot a kan tebur, ya saka takalmansa ya fita, ko sallama babu.

Mama ta ɗora hannu biyu a ka. "Shi ke nan! Kin kore shi! Kin huta? A kan buta! Me zan ce wa mutane, 'yata ta ƙi miji a kan buta?" Ni kuwa na tsaya ina jiran in ji tashin mota. Wallahi na ji tsoro. Sai a lokacin na san ina sonsa, kuma na ji haushin kaina da na sani.

Motar ba ta tashi ba. Sai kiɗa ya dawo.

Muka juya gaba ɗaya. Hoto ya fito tar. Ta bayan labulen na hango farar riga a waje, a cikin ranar la'asar, tsakanin bango da igiyar shanya. Ya zagaya bayan falon, ya hau kan bokitin wankin Mama da ya kife, ya ɗaga waya sama da hannu ɗaya.

Baba ya ninke jaridarsa, ya miƙa hannu ya ɗauki rimot, ya ba ni. "Zauna a tsakiya," ya ce. Iyakar maganarsa ke nan ranar.

Na zauna. Na janye labulen gefe yadda zai ga falon sosai. Hoton ya ɗan tsaya, na ɗaga murya.

"Hagu kaɗan! A'a, ka wuce. Sama! Ya yi. Kada ka motsa."

Na mayar da shi farko, don ba zan fara daga tsakiya ba. Minti ashirin da huɗu yana tsaye, gumi ya jiƙa farar rigar, yana canza hannu, ba abin da yake gani sai ƙeyar talabijin da fuskata. Na bar shi ya kalla. Da yaron ya buɗe ƙofar na yi ihu, Yaya ta rufe ido, Mama da ke cewa a kan buta ita ce ta fi kowa matsowa. A ƙarshe na yi kuka sosai, kuma ban ce ƙwaro ne ba.

Da rubutun ƙarshen shiri ya fara hawa, Mama ta share ido da bakin zaninta ta raɗa mini, "To yanzu me zan ce wa manyansa?"

Na ce, "Ki ce musu ya biya ɗaya, saura arba'in da takwas."

Shi kuwa ya manno fuskarsa a jikin ragar tagar, hannunsa har yanzu a sama don ba wanda ya ce ya sauke, ɗan akwatin nan yana nan a aljihunsa.

"Gimbiya, don girman Allah, ya same ta? Tana da rai? Me ke cikin kaguwar?"

Na ɗauki biskit ɗaya, na gyara zama a kujerar tsakiya, na nuna shi da rimot.

"Yi haƙuri," na ce. "Zan ba ka labari."